Shekarar Kulle: Yadda Tallafin Korona Ya Bi Takarda Ya Tsallake Mai Shayi

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai ta saurare ba da kuma masu son karatu a natse.

Tarihin da za mu buɗe yau na kusa ne ƙwarai, kusan duk mai karanta wannan ya gan shi da idonsa. Shekarar 2020 nake nufi, shekarar korona, shekarar kulle. Ba maganar cutar kanta zan yi ba, wannan aikin likitoci ne. Tambayata ɗaya ce: lokacin da hukuma ta ce kowa ya zauna a gida, me aka tanadar wa mutumin da sai ya fita yake samun na cefane? Mai shayi, tela, ɗan Adaidaita, mai faci, mai ƙosai, ɗan dako, mai cajin waya. An ware biliyoyin naira da sunansu. To wace hanya kuɗin suka bi, kuma me ya sa da yawansu har yau labari kawai suka ji?

Abin da na fahimta bayan na bi diddigin lamarin shi ne, kuɗin tallafi takarda suke bi. Wanda gwamnati ta riga ta san da shi a rubuce, shi ya fi kusa da samu. Wanda ba ya cikin kowane littafi kuwa, ko ya fi kowa buƙata, da ƙyar hannu ya kai gare shi. Ku biyo ni mu gani.

YADDA AKA RUFE ƘOFA

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Wata ɗaya bayan nan, ranar 29 ga Maris, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi ya ce a kulle Legas da Ogun da Abuja. Kaduna ma ta riga su, domin Gwamna Nasir El-Rufai ya sa dokar hana fita tun 26 ga Maris, kuma ba a ɗage ta ba sai a watan Yuni.

A Kano, an samu mutum na farko ranar 11 ga Afrilu. Daren 16 ga wata Gwamna Ganduje ya rufe gari. Ranar 27 ga Afrilu kuma, bayan yawan mace-macen da suka tayar wa kowa da hankali, Buhari da kansa ya ƙaƙaba wa Kano kulle na mako biyu, daga baya aka yi ta ƙarawa. Kun tuna ranakun Litinin da Alhamis da ake buɗe gari na 'yan awanni, kowa ya ruga kasuwa kamar za a tashi duniya? To wannan lokacin ne. Ba a janye dokar gaba ɗaya ba sai farkon Yuli.

Yanzu ku duba kalanda. An ɗauki azumi ranar 24 ga Afrilu, aka yi Sallah ranar 24 ga Mayu. Wato watan da Kantin Kwari ke yin cinikin shekara, watan da tela ke kwana a kan keke, watan da mai wankin hula da mai lalle da mai kitso ke haɗa jarin wata shida, shi ne ya faɗo a tsakiyar kulle. Ƙari a kan haka, an hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli. Iyakokin ƙasa kuwa dama a rufe suke tun Agustan 2019, ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disambar 2020. Ɗan kasuwar da ke harka tsakanin Kano da Maraɗi ko Damagaram, duka biyu ya sha.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta yi bincike ta wayar tarho a watannin Afrilu da Mayu. Kashi 42 cikin 100 na waɗanda suke aiki kafin annobar sun ce sun daina aiki. Kashi 79 cikin 100 na gidaje sun ce kuɗin shigarsu ya ragu. Tattalin arzikin ƙasa ya tsuke da kashi 6.1 a wata uku na biyu na shekarar.

ME YA SA ADASHI BAI ISA BA

Kafin mu je wajen gwamnati, mu tsaya a gida tukuna. Ai mu Hausawa ba jiya muka fara sanin karayar jari ba, kuma muna da hanyoyinmu na tallafar juna tun kaka da kakanni. Akwai adashi. Akwai maigida a kasuwa da zai ba yaronsa kaya bashi ya sayar ya kawo kuɗi. Akwai zakka. Akwai gudummawar dangi idan gobara ta cinye wa mutum shago.

Amma duk waɗannan an gina su ne a kan zaton cewa masifa ɗaiɗai take zuwa. Idan shagon mutum ɗaya ya ƙone, sauran tara suna ciniki, sai su ɗaga shi. Korona kuwa ta rufe shago goma a rana ɗaya. Uwar adashi ta zagaya karɓar zubi, kowa ya ce mata babu. Maigidan da zai ba da kaya bashi, shi ma kayansa sun maƙale a hanya, ga masu binsa bashi suna kira. Jama'a sun yi ƙoƙari fa, an yi ta rabon abinci a unguwanni, masu hali sun fitar, maƙwabci ya raba kwanon tuwo da maƙwabci. Sai dai ciyar da mutum daban, mayar masa da jarin da ya cinye daban. Irin wannan masifa mai game kowa, aljihun hukuma ne kaɗai ke iya ɗaukarta.

Ita kuma hukumar, a daidai lokacin aljihunta ya huje. An tsara kasafin 2020 a kan gangar ɗanyen mai dala 57, sai ga shi a watan Afrilu farashi ya faɗi ƙasa da dala 20. Dole Najeriya ta karɓi rancen gaggawa na dala biliyan 3.4 daga Asusun Lamuni na Duniya, IMF, a ƙarshen watan. Ku riƙe wannan a ranku don mu yi wa kowa adalci.

ƘOFA TA FARKO: BASHIN KORONA

Wanda ya fara motsawa shi ne Babban Bankin Najeriya, CBN, ƙarƙashin Godwin Emefiele. A tsakiyar Maris 2020 ya sanar da ware naira biliyan 50 domin magidanta da ƙananan 'yan kasuwa. Shi ne abin da muka fi sani da bashin korona ko bashin NIRSAL, saboda ta bankin NIRSAL Microfinance ake bayarwa. A takarda, magidanci zai iya samun har naira miliyan 3, mai kamfani kuma har miliyan 25. Kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100, maimakon kashi 9 da aka saba, kuma da hutun shekara guda kafin a fara biya. Da aka ga yawan masu nema, aka yi ta ƙara kuɗin har suka haura naira biliyan 300.

To ina matsalar? Ta ina ake nema? Ta intanet. Me ake buƙata? Lambar BVN da asusun banki. A nan fa aka fara tankaɗe.

Akwai wata cibiya mai suna EFInA da ke binciken yadda 'yan Najeriya ke mu'amala da harkar kuɗi. Rahotonta na 2020 ya nuna kashi 36 cikin 100 na manyan mutane a ƙasar, wajen mutum miliyan 38, ba su da alaƙa da kowace irin hanyar ajiya ko rance. Idan ka zo Arewa maso Yamma, adadin ya kai kashi 68. Wato a cikin mutum goma a yankin Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara, kusan bakwai an rufe musu wannan ƙofa tun kafin su ji labarinta. Ba wanda ya tsaya ya ce kar a ba su. Fom ɗin ne kawai bai san da zamansu ba.

Sai kuma maganar ruwa. Mutane da yawa a Arewa sun ƙi kusantar bashin saboda tsoron riba, kuma an yi ta muhawara a kai a majalisu da kafafen sada zumunta. Sai a watan Yuli CBN ya fitar da ƙa'idojin tsarin da babu ruwa a ciki. Kafin wannan ya kankama, masu nema na farko sun yi nisa a layi.

Daga nan sai kasuwar 'yan tsakiya ta buɗe. Kun dai tuna yadda kafe-kafe suka cika, ana biyan kuɗin cike fom. Kun tuna masu cewa kawo BVN ɗinka ina da hanya, idan ta fito kaso kaza nawa ne. Kun tuna linkin bogi da suka yi ta yawo a WhatsApp, har bankin da kansa ya riƙa fitar da gargaɗi cewa nema kyauta ne. Duk inda aka sa dogon tsani tsakanin mabuƙaci da kuɗi, wani zai zo ya kafa teburi a gindin tsanin yana karɓar kuɗin hawa.

BASHI NE KO RABON ARZIKIN ƘASA?

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu mu kanmu, kuma gaskiya sai an faɗe shi. Da yawan waɗanda alat ya shigo wa ba su ɗauke shi bashi ba. Cewa aka yi rabonmu ne na arzikin ƙasa. Wani ya sayi babur ya ci gaba da nema, Allah ya sa masa albarka. Wani ya ƙara jari. Wani kuwa waya ya canza, wani ya ƙara aure.

Wannan tunani yana da tarihi. A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta kafa People's Bank, bankin talakawa, aka ɗora Tai Solarin a kan shugabancinsa, ana ba masu ƙananan sana'o'i rance ba tare da jingina ba. Bankin bai tsaya da ƙafarsa ba, a shekarar 2000 aka narkar da shi cikin wanda daga baya ya zama Bankin Manoma. A Nuwamban 2015 Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Kebbi, shi ma maganar rashin biya ta dabaibaye shi. A 2018 aka zo da TraderMoni, naira dubu goma-goma ga 'yan tireda, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo yana zagaya kasuwanni gab da zaɓen 2019, 'yan adawa suna cewa sayen ƙuri'a ne. Shekara talatin ana koya wa mutane cewa bashin gwamnati ba a cika bin sa ba.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, wannan karon an canza dokar wasa. Ranar 1 ga Agustan 2020 wani tsari na CBN mai suna GSI ya fara aiki. Ma'anarsa a taƙaice: idan ka ci bashi ka ƙi biya, bankin da ke bin ka zai iya bin lambar BVN ɗinka ya zari kuɗinsa daga duk wani asusu naka a kowane banki. A 2022 kuɗin ruwan ma ya koma kashi 9. Shi ya sa bayan 'yan shekaru aka fara jin koke-koke, mutum ya tashi da safe ya ga an yashe masa asusu. Har da waɗanda suka ba wani BVN ɗinsu, aka ba su ɗan abin da aka ba su, amma bashin gaba ɗaya yana wuyansu. BVN ɗin da ta buɗe ƙofar shiga, ita ce ta zama igiyar da aka janyo mutum da ita.

ƘOFA TA BIYU: SURVIVAL FUND

Ita gwamnatin tarayya, nata shirin ya zo ne ta hannun kwamitin da Osinbajo ya jagoranta. Ranar 24 ga Yunin 2020 majalisar zartarwa ta amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3. A cikinsa aka ware naira biliyan 75 domin ƙananan sana'o'i, aka sa masa suna Survival Fund, ƙarƙashin kulawar Ƙaramar Ministar Masana'antu da Kasuwanci, Ambasada Mariam Katagum. Wannan kyauta ce, ba bashi ba.

An kasa shi gida-gida. Akwai na biyan albashi, inda gwamnati za ta biya ma'aikatan ƙananan kamfanoni naira dubu 30 zuwa dubu 50 a wata, har wata uku, ana son a kai ga mutum 500,000. An fara da makarantu masu zaman kansu, kuma da hujja, domin malamansu sun yi wata da watanni babu albashi. Akwai na masu sana'ar hannu da direbobi, naira dubu 30 sau ɗaya ga mutum 333,000. Akwai kyautar dubu 50 ga ƙananan 'yan kasuwa 100,000. Akwai kuma yi wa sana'o'i 250,000 rajista kyauta a hukumar CAC. An ce kashi 45 na mata ne, kashi 5 na masu buƙata ta musamman.

Mutane sun samu, wannan ba ƙarya ba ne. Akwai malamar makarantar da dubu talatin ɗin nan ta share wa hawaye. Amma mu ɗauki biro mu yi lissafi. Binciken da hukumar SMEDAN da NBS suka yi a 2017 ya ce akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i miliyan 41.5 a Najeriya, kuma fiye da kashi 99 cikinsu 'yan ƙanana ne, irin na mutum ɗaya da yaronsa. Ka raba biliyan 75 ga miliyan 41.5, kowa zai tashi da wajen naira 1,800. Mutum 333,000 kuwa bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Ka raba su ga jihohi 36 da Abuja, kowace ta samu wajen mutum dubu tara. Kasuwa ɗaya a Kano ta isa ta cinye wannan kason. Ita kanta dubu talatin ɗin, albashi mafi ƙanƙanta ne na wata guda a lokacin.

Sai lokaci. An kulle Kano a tsakiyar Afrilu, amma ba a buɗe shafin neman Survival Fund ba sai 21 ga Satumba. Wata biyar kenan. Mai ƙosan da jarinta bai wuce dubu biyar ba, a makon farko ta cinye shi. Telan da ya sayar da kekensa a watan Mayu, dubu talatin ta Oktoba ba za ta dawo masa da shi ba.

Sai sharuɗɗa. Na biyan albashi yana buƙatar rajistar CAC, da jerin ma'aikata, da BVN, da shaidar cewa dama ana biyan albashi. Garejin bakanike mai yara goma sha biyu, wanda kullum da yamma ake raba abin da aka samu hannu da hannu, a idon wannan tsari ba shi da ma'aikaci ko ɗaya. Na masu sana'ar hannu kuwa ta ƙungiyoyi aka bi. Wanda ke da ƙungiya mai rajista da shugabanni masu kai-kawo, sunansa ya shiga. Matar da ke yin taliya ko ƙuli-ƙuli a cikin gida, wace ƙungiya ce ta san da ita?

Haka labarin yake a ɓangaren talakawa tuburan. Rajistar marasa galihu ta ƙasa tana ɗauke da gidaje miliyan 2.6 ne kacal lokacin da annobar ta zo, Buhari ya ba da umarnin a ƙara miliyan ɗaya. Ma'aikatar Sadiya Umar Farouq ta raba naira dubu 20, wato kuɗin wata huɗu a dunƙule. Sai dai yawancin wannan rajista ta mutanen karkara ce, alhali kulle ya fi cizon mazauna birni masu neman na yau da gobe. Rajistar gaggawa ta talakawan birni ba a ƙaddamar da ita ba sai Janairun 2021.

Ƙarshen abin kowa ya gani a watan Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, lokacin da jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafi a Legas da Jos da Kaduna da Jalingo da Yola da Gwagwalada. Yawancin kayan na CACOVID ne, gamayyar 'yan kasuwa irin su Aliko Dangote da marigayi Herbert Wigwe, waɗanda suka sayi abinci na kimanin naira biliyan 23. Gwamnoni sun ce ba ɓoyewa suka yi ba, jiran lokacin rabo ake yi. Ko ma wanne ne, wata shida bayan kulle abinci yana cikin sito, masu yunwa suna waje.

SAURAN DUNIYA FA?

Kar wani ya ce mu kaɗai ne, bari mu leƙa waje kaɗan, saboda akwai darasi. A Birtaniya, Ministan Kuɗi Rishi Sunak ya sanar ranar 20 ga Maris cewa gwamnati za ta biya kashi 80 na albashin ma'aikatan da aka zaunar, har fam 2,500 a wata. Bayan kwana shida ya sanar da irinsa ga masu zaman kansu. Da me aka gane su? Da takardar haraji. Hukuma ta buɗe littafinta ta ga ribar da kowa ya bayyana, ta biya shi a kan haka. Wanda ya fara sana'a sabo, bai kai ga cike takardar harajin shekarar 2018 zuwa 2019 ba, an tsallake shi, yana ji yana gani. Kun ga ko a can ma takarda kuɗin suka bi.

A Amurka, an ware dala biliyan 349 a zagayen farko na rancen ƙananan kamfanoni, cikin mako biyu suka ƙare. Waɗanda ke da tsohuwar alaƙa da bankuna su suka riga kowa, har ƙungiyar ƙwallon kwando ta Los Angeles Lakers ta samu dala miliyan 4.6, daga baya ta mayar. A 2023 babban mai binciken hukumar da ta raba kuɗin ya ƙiyasta cewa fiye da dala biliyan 200 na tallafin korona mai yiwuwa 'yan damfara ne suka kwashe.

Amma misalin da ya fi kama hankalina yana nan kusa da mu, a Togo, ƙasar da yawancin jama'arta su ma sana'ar hannu suke yi. Ranar 1 ga Afrilun 2020 suka ayyana dokar ta-ɓaci, ranar 8 ga wata suka ƙaddamar da shiri mai suna Novissi, wato zumunci a harshen Ewe. Ba fom, ba kafe, ba intanet. Ka danna *855# a ƙaramar wayarka, ka sa lambar katin zaɓenka, kuɗi su shigo asusun wayarka. Mata suna karɓar sefa 12,250 a wata, maza 10,500. A zagayen farko mutum sama da rabin miliyan suka samu.

Ta yaya suka yi haka cikin mako guda? Sun yi zaɓe a watan Fabrairu, rajistar masu zaɓe sabuwa ce fil, kuma kowa ya rubuta sana'arsa da unguwarsa a ciki tun kafin a san za a raba wani abu. Sai gwamnati ta ɗauko littafin da take da shi a hannu. Su ma sun sha suka, domin wanda ba shi da katin zaɓe bai samu ba. Amma sun nemi takardar da mafi yawan talakawa suke da ita, suka bi ta kanta. Mu kuwa muka nemi wadda mafi yawan talakawa ba su da ita.

ABIN DA YA RAGE MANA

Da SMEDAN da NBS suka sake ƙidaya bayan annobar, adadin sana'o'in ya sauko daga miliyan 41.5 zuwa miliyan 39.6. Kusan miliyan biyu sun ɓace daga lissafi. Kowace ɗaya a cikinsu tukunyar wani gida ce.

Ni dai abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, ba a haƙa rijiya ranar da gobara ta tashi. Haƙƙin gwamnati ne ta san 'yan ƙasarta tun ana zaman lafiya, ta san waye tela, waye ɗan Adaidaita, a wace unguwa yake, ta wace lamba za a same shi. Tun Disambar 2020 da aka tilasta haɗa layin waya da lambar NIN, masu NIN sun haura miliyan 100, ga masu POS a kowane lungu. Kayan aikin sun fi na wancan lokacin. Saura a tambayi masu neman ƙuri'armu, tun daga kansila har sama: idan aka sake rufe gari gobe, da wane littafi za ku nemo mu, kuma cikin kwana nawa?

Mu ma akwai namu. Matashin da ke sana'a, ka mallaki NIN da BVN da asusu da sunanka. Idan hali ya yi, ka yi wa sana'arka rajista. Ka sayi littafi ko na naira ɗari biyu ne ka riƙa rubuta shiga da fita. Ka shiga ƙungiyar masu sana'arka, kuma ka riƙa zuwa taro, kar ka bar wa mutum uku su riƙa rubuta sunaye a ɗaki. Ka taimaka wa mahaifiyarka da yayarka masu sana'a a cikin gida su ma su samu nasu, domin su aka fi tsallakewa a 2020. Kar ka ba kowa BVN ɗinka, ko waye shi. Kuma duk abin da aka kira bashi, ka karanta sharaɗinsa kafin ka sa hannu, don ranar biya tana zuwa.

Na san wani zai ce, ai da zarar sun san da kai sai haraji ya biyo baya. Wannan tsoro yana da tushe, kuma magana ce da ta cancanci shiri nata na musamman. Amma ka tuna mai shago da ɗan Adaidaita dama suna biyan kuɗin tikiti da na ƙaramar hukuma kusan kullum. Ranar karɓa an san inda suke. Abin da ya kamata mu dage a kai shi ne a san da su ranar bayarwa ma.

A nan za mu dakata. Ina so in ji daga gare ku: a unguwarku wa ya samu tallafin nan, ta wace hanya, kuma wace sana'a ce kulle ya kashe ba ta sake tashi ba? Ku rubuta mana a ƙasa, ba sai kun ambaci sunan kowa ba. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a wannan shekara, ya mayar wa waɗanda suka karye da mafificin alheri, ya kiyaye mu da sake ganin irinta.